Ƙanena na Agege, kada ka sa injin nan a buhu

Assalamu alaikum, ƙanena.

Ranar Asabar da ta wuce, a shirin rediyon da aka gayyace ni kan gyaran babura, ka bugo waya daga Agege ana dab da rufe fili. Ka ce mota ta buge Boxer ɗinka, firam ya lanƙwashe ba zai gyaru ba, amma inji lafiya lau. Ƙaninka kuma yana can wajen Gumel da irin babur ɗin, nasa injin ya buga. Ka tambaye ni ko za ka iya naɗe naka a buhu ka ba direban tirela ya kawo Kano. Ina cewa a'a, mai gabatarwa ya ce lokaci ya yi. Na koma gida abin yana damuna, don na hana ka ban faɗa maka dalili ba, kuma na san masu irin tambayarka suna da yawa. Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida ranar 1 ga Yuni 2022, ta ƙara wasu huɗu a watan Satumba, babura da sassansu ke ta komowa Arewa. Mu ma a Kano mun ga irin wannan kwasar kaya a 2013, lokacin da aka hana namu.

Ga abin da ya sa bakina ya yi saurin cewa a'a. Shekarun baya wani yarona da ya koyi aiki a hannuna ya aiko min da inji daga Kudu cikin buhun shinkafa biyu, an ɗaure da robar tib. Bai juye baƙin mai ba. A hanya yaran mota suka kwantar da shi ta gefe suka jibga kaya a kai. Da muka je tasha ɗauka sai muka tarar da rigima: man ya tsiyaye ya jiƙa dilar atamfar wata hajiya, ita kuma ta kafe ba mai fita da injin sai an biya ta. Muka biya. Muka kwance buhu a gareji, sandar giya ta lanƙwashe, murfin gefe ya tsage, haƙarƙarin kan inji uku sun karye. Direba ya ce shi buhu aka ba shi, buhu ya kawo. Na buɗe baki zan yi faɗa, na rasa ta inda zan kama shi.

Mutane suna ganin ai inji ƙarfe ne, me zai same shi? Ƙarfen a ciki yake. Murafan da ke waje alminiyam ne na zubi, shi kuwa ba ya lotsawa kamar tanki, tsagewa yake yi, kuma ba kowane mai walda ne ke iya ɗinke shi ya daina yoyo ba. Ga nauyi, injin irin naka tsakanin kilo 20 zuwa 30 ne, kuma ba shi da gindin zama. Ko ta ina ka juya shi akwai abin da ya tsero: sandar giya, sandar kik, fulogi, bakin da haƙorin sarƙa ke zaune. Daga Legas zuwa Kano kimanin kilomita 1,000 ne. Ka tuna yadda jikinka yake yi tsakanin Ilori, Jebba da Mokwa, kai da ke zaune kan kujera kana dafa ƙarfe. Kowane rami zai ɗaga injin ya maka shi, kuma duk nauyin nan a kan abin da ya tsero zai sauka. Saboda haka duk aikin da zan lissafa maka manufarsa ɗaya ce, kada injin ya motsa a cikin abin da ka sa shi, ko da faɗin yatsa.

Fara da mai. Idan babur ɗin zai iya tashi, tayar da shi na ɗan lokaci kafin ka sauke injin, domin baƙin mai ya fi gudu da ɗumi. Kwance notin ƙasa, kusan lita guda zai fito. Kada ka yi gaggawar mayar da noti. Karkata injin hagu da dama, bar shi ya kwana yana ɗiga, za ka yi mamakin abin da ya ɓuya a lungunan giya da kuloci. Kafireto kuma ka cire shi gaba ɗaya, ka kwance ƙaramin sukurun da ke ƙarƙashinsa fetur ya zube, ka shanya shi a inuwa har warin ya tafi, sannan ka naɗe shi daban. Tururin fetur a ƙarƙashin tamfol da rana tsaka, ga yaran mota da sigari, ba sai na yi maka bayani ba.

Bayan nan cire fulogi, ɗiga man inji kamar rabin ƙaramin cokali cikin silinda, juya kik da hannu sau uku ko huɗu, mayar da tsohon fulogi, wanda ko ya fashe ba asara, sannan ka ƙara juyawa a hankali ka tsaya daidai inda ya yi tauri. A nan fistin yana sama, bawul biyu duk a rufe, iska ba ta shiga. Wannan ba ƙaƙale ba ne. Iskar Legas cike take da laima, kuma ba ka san kwana nawa akwatin zai yi a tasha kafin mota ta cika ba.  Toshe bakin kafireto da bakin salansa da tsumma mai ɗan mai, ka bi da salatif. Amma ka bar jelar tsumman a waje yadda za a gani, domin na taɓa buɗe injin da aka tayar da tsumma a maƙogwaronsa. Cire ƙafar kik da ƙafar giya, ka yanka guntun tiyo ka zura a kan sandunan da suka rage. Wayoyin magineto ka naɗe su ka manne a jiki, kada wani ya mai da su marikin ɗauka. Notuna da sukurori a leda ɗaya, a ɗaure.

Sai ka sami kwali ka rubuta da manyan baƙaƙe, BABU MAI A CIKI, ka ɗaure a jikin injin kansa. Ƙaninka zai yi ɗoki ranar da kaya suka iso. Minti kaɗan na gudu babu mai sun isa su mayar da injinka irin nasa.

Yanzu akwati, kuma nan ne mutane suke rowar da ke cin su. Je wurin kafinta da injin a hannu, kada ka kwatanta masa da baki. Ya fara da gindi: katako mai kauri, ba falle-fallen silin ba, a buga masa sanduna biyu a ƙasa yadda zai ɗaga daga dandamalin mota, ruwa bai taɓa shi ba, hannu da igiya kuma su sami wurin shiga. A tsayar da injin a kai yadda yake tsaye a jikin babur. Ramukan da ake ɗaure shi da firam, su za ka yi amfani da su: mai walda ya yanko maka ƙarfe biyu ko uku masu kusurwa, gefe ɗaya a ɗaure da injin, gefe ɗaya a huda katakon a ɗaure da noti da washa. Idan an gama, kama injin ka ɗaga. In katakon ya biyo shi kamar tare aka haife su, aiki ya yi. In ka ji ƙwas-ƙwas, a sake. Daga nan a sa masa leda mai kauri, a gina bango huɗu da tazarar kamar yatsu huɗu ta kowane gefe, a cusa soson tsohuwar katifa ko guntayen taya. Soso taimako ne kawai, noti ne ke riƙe da kaya.

Za ka ce ai sababbin injuna daga Sin a kwali suke zuwa. Haka ne, amma da farin soso da aka zuba daidai siffarsu, kuma a jere suke cikin kwantena, ba wanda ya taka su. In ka sami irin wannan kwalin da sosonsa a wurin masu sayar da kayan babur, karɓa, amma ka saka shi cikin katako.  

Murfin sama a ɗaure shi da sukuru, kada a buga ƙusa. Dalilin shi ne shingayen hanya. Za a iya cewa a buɗe, kuma wanda zai buɗe ba zai jira kafinta ba, da ƙarfen taya zai ɓalle shi.

Wannan ya kawo ni maganar takarda, wadda a zamanin nan ta kusa fin katakon muhimmanci. Inji shi kaɗai, babu firam babu lamba, kamannin kayan sata gare shi a idon jami'in tsaro, kuma ba zan ga laifinsa ba. Ka san abin da babur ya zama a dazukanmu. A 2021 har sai da gwamnatin Katsina ta hana cinikin tsofaffin babura a kasuwar Caranci. Don haka duba lambar da aka buga a jikin injin, goge ta, ɗauke ta hoto, ka tabbata ita ce a rasit ɗin da ka sayi babur da shi. Yi kwafi biyu na rasit da takardun rajista, ɗaya cikin akwati a leda, ɗaya hannun direba, na ainihi su zauna wurinka. Ka haɗa da 'yar takarda da sa hannunka cewa ka ba ƙaninka injin mai lamba kaza, domin daga ranar da ya ɗora shi, lambar injinsa ta saɓa da takardun babur ɗinsa, wata rana kuwa za a tambaye shi. Idan rasit ya ɓata, ka fara warware wannan kafin ka je wurin kafinta.

Game da mota, tunaninka na tirela daidai ne. Motocin da ke sauke shanu a mayankar Oko-Oba nan kusa da kai, da masu kawo albasa da tumatir kasuwar Mile 12, suna neman kayan komowa, don haka sukan fi sauƙi. Amma kada ka miƙa wa direba a bakin titi don kawai kun gaisa da Hausa. Bi ta ofishin 'yan ƙungiya a tasha, a rubuta webil, wato takardar shaidar ɗaukar kaya, kuma ka tsaya a kan a rubuta "injin babur" da lambarsa, ba "akwati ɗaya" ba. Karɓi lambar mota, lambar wayar direba da ta yaronsa. In za su yarda, biya rabi a nan, rabi idan kaya sun sauka. Ka tsaya har a yi lodi a gabanka: akwatin ya zauna a ƙasa, can gaba kusa da kan mota inda girgiza ta fi sauƙi, a ɗaure shi da jikin bodi. Wutsiyar tirela ita ke shan duka, nan ne kuma ake jefa kayan wanda ya biya ya tafi. Ɗan abin shan ruwa ga yaron mota ba asara ba ne, shi ne zai hana a ɗora maka buhun siminti. Sunan mai karɓa da lambarsa a rubuta da fenti a gefe biyu, da kibiya mai nuna sama.

Kafin duk wannan, zauna ka yi lissafi: kafinta, mai walda, kuɗin mota zuwa Kano, 'yan dako, sannan wata motar daga Kano zuwa Gumel. Tambayi nawa za a sayi injin nan Legas, ƙaninka kuma ya tambayi nawa irinsa yake a nan. Wani lokaci aiko kuɗin ya fi. Ni dai in injin nawa ne, ni na ja shi tun yana sabo, na san ban taɓa bari mai ya yi masa ƙasa ba, to aiko shi zan yi, domin na kasuwa wankakke ne a waje, ba ka san cikinsa ba.

Ka gaya wa ƙaninka ya buɗe akwatin a tasha gaban direba kafin ya biya ragowar kuɗi, ya duba murafai da sandar giya, ya gwada lambar da hoton da ka tura masa. In ya ga dama ya biyo da shi garejina kafin ya wuce Gumel, in zare tsumman in zuba masa mai da hannuna. Allah ya kiyaye hanya. Ka gaida mutanenmu na Agege.

Yayanka,
bakaniken babura a Kano