Tauraron da ya ci kuɗin hayarmu ya fito ya saurare mu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka sam mini ɗan fili a jaridarka in yi kuka a madadin kaina da maƙwabtana 'yan kasuwa da muke haya a wani rukunin shaguna a nan Abuja, mallakin ɗaya daga cikin taurarin nan da kowa ya san fuskarsu. Ba zan kama suna ba, domin maganarmu tana hannun lauya.

Yanzu yayi ne, mawaƙi ko ɗan fim ko ɗan ƙwallo ya samu kuɗi sai ya gina filaza ya kafa sunansa a samanta. Ban ga aibun haka ba, gara ya zuba dukiyar a gida da ya kwashe ta zuwa Dubai. Amma a sani, sunan nan ba ado ba ne, kuɗi muka saye shi. Hayarmu ta fi ta shagunan da ke tsallaken titi nesa ba kusa ba, kuma da muka yi ƙorafi tun farko ejan ce mana ya yi sunan Oga kaɗai ya isa ya cika mana shago da masu saye. Muka yarda. Muka biya hayar shekara biyu a dunƙule, ga kuɗin ejan, ga na lauya, ga wani da ake ajiyewa wai ko da mutum ya yi ɓarna. Ranar buɗewa ya zo da masu kyamara, ya shiga shago-shago, har ya ɗaga wata shadda a wurina ya yaba. Tun daga ranar sai dai mu gan shi a waya.

Rigimar daga kuɗin hidima ta taso, wato abin da ake karɓa don janareto da masu gadi da shara da ruwa. Babu wanda bai san tsada ta zo ba. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, sannan a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da aka yi wa alƙawarin samun wuta aƙalla awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kan kowane yunit. Don haka da aka ce za a yi ƙari ba mu ƙi ba. Abin da muka nema lissafi ne: a nuna mana bil ɗin kamfanin wuta, a nuna rasit ɗin man janareto, a gaya mana yadda ake raba kuɗin tsakanin shaguna. Ta yaya tela mai keke biyu da fanka ɗaya zai biya daidai da mai gidan abinci da firizoji ke ta ruri dare da rana? Mun ce a sa wa kowane shago mitarsa, ko da mu za mu biya kuɗin sawa. Har yau shiru.

Da wasunmu suka ce ba za su biya ƙarin ba sai an kawo lissafi, sai aka koma ƙarfa-ƙarfa. Wata baiwar Allah mai sayar da yogot da kek a ƙasan bene ta zo da safe ta tarar an yanke wayar wutarta tun cikin dare. Ruwan ƙanƙara ya biyo ta ƙasan ƙofa har bakin baranda, kayan da ta kwana tana haɗawa duk sun yi tsami. Bayan ɗan lokaci aka ɗora wani ƙaton kwaɗo a kan nata kwaɗon, aka manna takarda wai ta kwashe kayanta cikin kwana uku. Hayarta kuwa ba ta ƙare ba.

Malam Edita, doka ba ta san wannan ba. A Abuja, dokar karɓe gida daga hannun ɗan haya ta ce mai hayar wata-wata notis ɗin wata ɗaya ake ba shi, mai hayar shekara kuma wata shida, sai dai idan yarjejeniyar da aka sa wa hannu ta faɗi wani abu daban. Bayan wa'adin ya cika sai a ƙara masa notis na kwana 7, sannan a tafi kotu, kuma ma'aikatan kotu ne ke fitar da mutum, ba masu gadi ba. A Legas ma, dokar haya ta 2011 ta mai da fitar da ɗan haya da ƙarfi laifi, tarar da za ta iya kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida. Masu shekaru za su tuna shari'ar Ojukwu da gwamnan soja na Legas a kan wani gida a unguwar Ikoyi, inda aka tura jami'ai da makamai suka fitar da Ojukwu alhali magana na gaban kotu. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce ko gwamnati ba ta da ikon ɗaukar doka a hannunta. To, abin da aka hana gwamnan soja, yaushe ya halatta ga manajan filaza?

Inda abin ya fi ciwo shi ne neman wanda za a yi magana da shi. A takardar haya ba sunan tauraron ba ne, sunan wani kamfani ne. Ka je ofis, manaja ya ce umarni aka ba shi daga sama. Ka ce a haɗa ka da saman, a ce Oga ya yi tafiya. Wani matashi mai gyaran waya ya gaji ya rubuta kokensa a Facebook, kafin la'asar masoyan mutumin sun yi masa ca: mahassadi, an biya shi ne, so yake ya yi suna da sunan wani. Dole ya goge. Da a ce mai ginin wani Alhaji ne da ba a sani ba, da tuni mun samu dattijon unguwarsu ko limaminsu an zauna. Shi kuwa wannan yana da katanga biyu, kamfani a gaba, magoya baya a baya.

Wasu cikinmu na cewa ƙila bai san abin da ake yi da sunansa ba. Yana yiwuwa, amma ni hakan bai gamsar da ni ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar karɓar yabo filazar tasa ce, ba ta kamfani ba, saboda haka ranar da aka garƙame shagon mai yogot ma tasa ce.

Mun rubuta muna neman a zauna a sashen sulhu na Babbar Kotun Abuja, don babu mai son ya kashe jarinsa a zirga-zirgar shari'a. Roƙona gare ka, ka turo wakilinka ya zaga shagunan ya ji daga bakinmu, ya kuma nemi jin ta bakin ɗaya ɓangaren. Jaridu sun cika shafi da hotuna ranar da aka yanka kintinkiri, ya kamata su dawo su ga yadda wurin ya koma. Takardun haya da rasitai da hoton kwaɗon duk suna hannunmu, a shirye muke mu nuna masa.

Wassalam.

Wata mai shagon shadda da atamfa,
Abuja