Amsa Ga Mai Tambaya Kan La'adar Tallan Kaya a Intanet

Assalamu alaikum ɗan'uwa.

Ka tambaye ni a bainar jama'a ko ya halatta mutum ya tallata kayan shafukan sayayya na intanet, ya yaɗa mahaɗin (link) da suka ba shi, in wani ya saya ta nan a biya shi la'ada.

Asalinsa halal ne. Dillanci ne, ƙullinsa kuma ji'ala, wato lada a kan biyan buƙata, irin na aya ta 72 a Suratu Yusuf, inda aka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki. Bukhari ya kawo cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan, malamai daga cikin tabi'ai, ba su ga laifi a ladan dillali ba. Yanke la'ada da kaso, a ce 5 cikin 100, malamai sun yi saɓani a kai. Ni ina tare da masu halattawa, tunda farashi a rubuce yake, kowa ya san abin da zai samu.

A wajen baki ake zamewa. Ka ce ka gwada kaya alhali ko taɓa shi ba ka yi ba, ko ka rubuta "saura guda 3" don a yi gaggawa, ko ka buɗe asusun bogi kana yabon abin da kake talla: duk algus ne, na ƙarshen ma ɗan'uwan cinikin najashi ne, wato mutum ya ƙara wa kaya farashi ba da niyyar saye ba don a yaudari mai saye, wanda Annabi (SAW) ya hana. In kan latsa mahaɗin ake biya, latsa wa kanka cin haram ne, ko da kamfanin bai gano ba.

Sai abin da mahaɗin yake janyowa. Amazon, misali, yana lissafa maka abin da mutum ya zuba a kwando cikin awa 24 bayan ya latsa, ko da ba shi ka tallata ba. Duba rahoton cinikinka, la'adar da ta fito daga haramtaccen kaya ka cire ta ka ba mabuƙata. Shafin da harkarsa caca ce ko bashi da ruwa, kar ka tallata shi.

In kuwa kai ke karɓar kuɗin mai saye a kan farashinka, sannan ka je ka yi oda, ka fita daga dillanci, ka faɗa hanin da Annabi (SAW) ya yi wa sahabi Hakim bn Hizam na sayar da abin da ba ya wurinsa. Mafita: mai kayan ya naɗa ka wakili, ko a ƙulla cinikin salam, wato a biya kafin a kawo kaya: kuɗi cikakku a hannu, siffar kaya da ranar kawowa a bayyane.

Wassalam.