Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jihar Sakkwato: mun yashe, wa zai kwashe?

Mai Girma Gwamna, Alhaji Ahmed Aliyu,

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ni ɗan tireda ne, shagona yana kan wani layi da ke ɓullewa titin Emir Yahaya. Da yawun maƙwabtana na rubuto wannan takarda: teloli, masu gyaran waya, mai shayi, da dattijon da ke sayar da goro a bakin masallacinmu.

Kafin faɗuwar damina mun yi gayya. Kowane shago ya kawo abin da ya sawwaƙa, muka yi hayar baro, muka aro shebur da manjagara, samari suka naɗe wando suka shiga kwalbati tun bayan sallar asuba. Abin da ya fito sai wanda ya gani: ledar ruwa, robobin lemo, tsummokara, da yashin da iskar hunturu ta tara. Muka jibge shi a gefen titi, muka kai magana inda ya kamata, aka ce mota tana tafe. Ruwan sama ya riga ta isowa. Cikin dare ɗaya duk abin da muka tono ya koma inda ya fito, har da ƙari. Da safe dattijon nan mai goro ya dubi kwalbatin ya ce, "Mu dai munka yi namu, saura na hukuma."

Ba na wanke mu. Mu ne ke shan ruwa mu jefar da leda a ƙofar shagonmu. A cikinmu akwai wanda ya turo rumfa har ta hau magudana, akwai wanda ya malale ta da siminti don ya samu wurin baza kaya. Wannan namu ne, kuma mun fara ja wa juna kunne.

Abin da ya fi ƙarfinmu shi ne kwashewa. Ɗan kasuwa ba shi da tifa, ba shi da juji a bayan gari. Roƙonmu a tsayar da rana sananniya ga kowane titin kasuwanci, daga Ahmadu Bello Way zuwa layukan Mabera da Runjin Sambo, a sanar da ita a rediyo, motar kuma ta zo a ranar. In mun san Asabar ce, Juma'a da yamma za mu yashe. A ajiye mana mazubin shara a mahaɗar layuka, mu za mu tsare shi.

Sai batun ƙawata gari. Fenti da fitila suna da kyau, amma duk wanda ya yi azahar a Sakkwato cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san babu adon da ya kai inuwa. Dubi duk inda tsohon dogonyaro yake tsaye, nan za ka ga ɗan acaba da mai yankan farce da mai rake sun taru, ciniki na tafiya. A ba mu dashe, a nuna mana inda za mu haƙa rami ba tare da mun taɓa bututun ruwa ba. Kowane shago ya ɗauki itace ɗaya, ya yi masa shinge saboda awaki, ya shayar da shi har ya kama. Watan Yuli ko Agusta ya fi dacewa, ƙasa na da laima.

Abu ɗaya nake tsoro, kada tsafta ta zama dalilin korar mai tebur da 'yar talla. A ja musu layi, a ce kada su wuce nan. Su ma sun riƙe tsintsiya ranar gayya.

Baƙi daga Nijar da sauran jihohi suna zuwa ziyarar Hubbaren Shehu, kuma ta bakin shagunanmu da yawansu ke bi. Mun shirya sake gayya, rana kawai muke jira a sa mana.

Allah shi taimake ka, shi yi maka jagora.

Naka,
Wani ɗan tireda, Sakkwato