Kafin a ɗora wa manhaja laifi: lissafin zafi a rufaffen akwati

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin ɗaliban injiniya masu kwaikwayon tafiyar zafi a kwamfuta, musamman cikin rufaffen akwati inda babu fanka, iska mai ɗumi ce ke hawa da kanta, mai sanyi ta sauko. Kukan da aka fi yi shi ne lissafi ya ƙi zama a kan amsa ɗaya, kuma galibi manhaja ba ta da laifi.

A fara da matsi. Akwatin ba mashiga ba mafita, don haka lissafi bambancin matsi kawai ya sani, bai san inda zai kafa shi ba. Dole a zaɓi gurbi ɗaya, cikin ƙananan guraben da ake raba akwatin domin lissafi, a ɗaure matsin a can. A manhajar OpenFOAM, pRefCell da pRefValue ne ke wannan aiki. Idan kuma aka bar nauyin iska ya bi zafi da matsi, a tuna iskar ciki ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa. Matsin ne zai hau in an ɗumama, sai a daina ɗaure shi, a yi lissafi mai bin lokaci daga zafi da matsin farko.

Dabarar Boussinesq, wadda ke ɗaukar nauyin iska bai sauyawa sai a wajen lissafin hawanta da saukarta, ta fi sauƙi, amma tana da iyaka. Ga iska, bambancin zafi kada ya wuce kusan digiri 30, ma'aunin kumbura kuma 0.0033 ne a zafin kelbin 300, wato kusan digiri 27. Ruwa bai da wannan haƙuri, musamman kusa da digiri 4 inda halin kumburarsa ke juyewa. A duba kuma ko jan ƙasa na fuskantar ƙasa da gaske, domin kuskuren alama ɗaya kan kifar da hoton duka.

Raga kuwa, wato tsarin guraben lissafin, a jikin bango ake matse ta. Idan lambar Rayleigh, mai auna ƙarfin da zafi ke motsa iska da shi, ta kai miliyan 1, siririn sashen da zafi ke sauyawa a gefen bango bai fi kashi 3 cikin 100 na faɗin akwati ba. A sa gurbi 10 ko fiye a cikinsa, tsakiya ta yi sako-sako ba komai.

Ga inda aka fi ɓata lokaci: ragowar kuskuren da manhaja ke nunawa a kowane zagaye na ta lilo, ɗalibi na ta rage saurin da lissafi ke gyara amsa har ya danne ta. Wani lokaci iskar ce da kanta ba ta tsayawa. A akwati mai murabba'i da ake ɗumama daga gefe, kwarara kan fara kaɗawa wajen Rayleigh miliyan 200, kuma daga nan amsa tsayayya ba ta da amfani. In daga ƙasa ake ɗumamawa, matsalar akasin haka ce: tsakanin faranti biyu masu faɗi motsi ba ya farawa sai Rayleigh ta wuce 1708, kuma ko an wuce, lissafi na iya kwanciya shiru sai an ɗan zungure shi da ƙaramin bambancin zafi.

Mu dai ba ma yarda da hoto mai launi. A auna zafin da ya shiga ta bango mai ɗumi da wanda ya fita ta mai sanyi, kada su saɓa da fiye da kashi 1 cikin 100. Sannan a gwada da sakamakon da masani de Vahl Davis ya wallafa a 1983 kan akwati mai murabba'i da ake ɗumama daga gefe: lambar Nusselt, mai auna yawan zafin da ke ratsa akwatin, 1.118 a Rayleigh 1,000, da 4.519 a 100,000, da 8.800 a miliyan 1, duka ga iska mai lambar Prandtl 0.71, wato lambar da ke kwatanta kaurin iska da saurin yaɗuwar zafi a cikinta.

Wassalam,
Wasu malaman injiniya