Amsa ga Malamin da Ya Tambaye Ni Game da Daniel Boone

Assalamu alaikum, Malam.

A taron tarihi ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni: wannan Daniel Boone da Amurkawa ke yi wa kirari, gwarzon yaƙin neman 'yanci ne ko ɗan share-wuri-zauna a ƙasar wasu? Lokaci ya ƙure ranar, to ga amsata.

Duka biyun ne, kuma a fagen yaƙi ɗaya. A 1775, shekarar da rikici ya ɓarke tsakanin Amurkawa da Birtaniya, Boone ya jagoranci masu gatari suka sare hanya ta mashigar Cumberland zuwa Kentucky, ya kafa sansanin Boonesborough. Aiki yake yi wa kamfanin Richard Henderson, dillalin filaye. Dajin kuwa wurin farautar 'yan ƙabilar Shawnee ne, 'yan asalin yankin, shi ya sa suka haɗa kai da Birtaniya. Kowane harbi Boone ya yi don 'yancin mutanensa, a kan masu kare ƙasarsu ya sauka.

Amma Malam, leƙa gidansa ka gani. Rebecca Bryan, wadda ya aura a 1756, ta haifa masa 'ya'ya goma. Babban ɗansu James an kashe shi a hanyar ƙaura a 1773, yana saurayi. An sace 'yarsu Jemima daga cikin kwalekwale a Yulin 1776, uban ya bi sawu ya ƙwato ta. A Fabrairun 1778 shi ma ya shiga hannun Shawnee, a wurin dafa gishiri. Sarkin Shawnee, Blackfish, ya mai da shi ɗa, ya raɗa masa suna Sheltowee, wato Babban Kunkuru. Da ya ji ana shirin afka wa Boonesborough sai ya gudo, ya tarar Rebecca ta ɗauka ya mutu, ta kwashe yara ta koma North Carolina. Bayan ya tsare sansanin, mutanensa suka gurfanar da shi gaban kotun soja bisa zargin cin amana. An wanke shi, amma ka ji irin sakayya.

A yaƙin Blue Licks da ke Kentucky, Agustan 1782, watanni goma bayan sojan Birtaniya sun miƙa wuya a Yorktown, aka harbe ɗansa Israel a kusa da shi.

Ba na wanke shi, don har bayi ya mallaka. Sai dai kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Filayen da ya yi iƙirarin nasa ne a Kentucky, shari'a da bashi suka cinye su, domin ya fi sanin daji da takarda. A 1799 ya tattara iyali ya koma Missouri, wadda a lokacin take hannun Sifaniya, wato ya fita daga ƙasar da ya yi wa yaƙi. Can Rebecca ta rasu a 1813, shi kuma a 1820, a gidan ɗansa Nathan.

Wassalam, naka a kullum.