Wasiƙa daga barga: Abba, allura da goɗiyar Alhaji

Legas, daren Lahadi.

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. A durƙusa a gaishe mini da Inna, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. A gaida maman Abba da ɗawainiyar yara. Yaya damina? Na ji an ce geron gonar gabas ya kai gwiwa, Allah ya sa a cire lafiya.

Mu ma nan lafiya lau, sai ruwa. Tun watan Afrilu yake zuba, a watan Yuni kuwa mun yi kwana huɗu cur ba mu ga ƙwayar rana ba. Riga in ka wanke sai ta yi wari kafin ta bushe. Sirdi in ka rataye shi kwana uku ba ka goge ba, sai ka tarar funfuna ta yi masa fari fat.

Na saurari saƙon muryar da ka turo ta WhatsApp har sau uku. Kana ba da labari kana dariya, yadda Abba ya hango masu allurar rigakafin mashaƙo ya shige rumbu, da yadda sai da ku uku kuka danne shi a kan tabarma kafin a yi masa. A jin farko ni ma na yi dariya. A na biyu ban yi ba, don a bayan muryarka na ji tasa, ta dushe. Shi ya sa na zauna na rubuta. In na kira ka kati zai ƙare ban kai ga maganar ba, kuma akwai abin da ƙani ba ya iya faɗa wa wansa baki da baki. Bari in fara da tawa kunyar, don kada ka ce na zo Ikko na zama malami.

Dawaki tara nake kula da su a bargar Alhaji, biyu 'yan Ajantina, sauran daga wajen Chadi aka kawo su. Duk na wasan folo ne. In lokacin gasa ya zo mukan kai su filin Ikoyi, inda ake wannan wasa tun 1904, kuma in ka zaga bayan filin wajen turaku za ka rantse a Katsina kake, don kusan duk masu riƙon dawakin namu ne.

Da ruwa ya kankama, wani akawali a cikinsu ya kamu da kirci. Irin dai wanda muka sani a jikin shanu. Gashin gadon bayansa ya riƙa haɗewa yana miƙewa tsinka-tsinka, in ka ja sai ya taso da ɓawo, ƙarƙashinsa ja-jawur da ɗan ruwan mugunya. Alhaji ya kira likitar dabbobi, wata Bayarabiya, gajeruwa, ba ta da yawan magana. Ta ce ƙwayar cutar tana nan a cikin ɓawon, jiƙa kawai take jira. In fata ta daɗe a jiƙe ta yi laushi, ko kaska da ƙuda suka huda ta, sai ta samu ƙofa. Har take ce mini sunan da Turawa suka sa wa ƙwayar na Kwango ne, don a can aka fara gano ta a jikin shanu a 1915. Na ce mata mu kirci muka sani tun kaka da kakanni. Ta sa na maimaita kalmar har ta iya.

Aikin da ta sa ni ba wuya gare shi ba, naci yake so. A jiƙa ɓawon da ruwan ɗumi har ya yi laushi a ɗaga shi a hankali, ba a ɓamɓara da ƙarfi ba. A wanke da sabulun aidin, a bar kumfar minti 10 a jiki, a ɗauraye, a tsane shi sarai da tsumma mai tsabta. Ɓawon da ya faɗo a tattara a ƙone. Sannan a hana shi shan dukan ruwa, wanda a garin nan shi ne babban aikin. Da na ambaci baƙin mai da mutanenmu ke shafawa, sai ta ɗaga mini hannu. Ta ce ƙona fata yake, ya kuma rufe damshin a ciki. Da yake nasa ya yi yawa ta haɗa masa da allurar fenisilin na wasu kwanaki. Cikin mako uku sabon gashi ya fara tsirowa.

To, ka san ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Bayan wata guda sai na ga wasu tabo a jikin kilin goɗiyar nan da Alhaji ya fi so, daidai inda majayi ke kamawa. Gashi ya zube, wurin ya yi furu-furu. Na ce kirci ne. Ga sauran magani a kwalba, ga sirinji, me zai sa in sa Alhaji ya sake biyan kuɗin likita, ga shi ni ma ina son a san ɗan Baba ne ke riƙe da bargar? Na ɗirka mata allura a wuya. Kwana huɗu ina yi, da tsinke ɗaya, a gefe ɗaya. Ranar farko ta tsaya. Ta biyu ta fizge. Ta uku na sa yaran barga suka yi mata dabaibayi, ɗaya ya murɗe mata kunne. Ta huɗu wuyan ya kumbura kamar an cusa mata lemo, kuma da ta hango ni da abu a hannu ta miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, ta tsinke ragama, saura ƙiris ta sauke kofato a kan wani yaro ɗan Maraɗi.

Da likita ta zo ba ta yi mini faɗa a gaban yara ba, Allah ya saka mata. Ta duba tabon, zagaye-zagaye kamar an ɗora kwabo an zana. Sai ta kama hannuna ta juya. Ashe ga irinsa nan a damtsena, kwana biyu ina sosawa ina cewa sauro ne. Makero ne, Yaya. Irin wanda ke cin kan yara a makarantar allo. Shi ba irin ƙwayar kirci ba ne, dangin funfuna ne, fenisilin ba ya yi masa komai ko da kwalba goma za ka zuba. Wanki yake so da maganinsa na musamman, a ware dokin, a ware masa buroshinsa da zubkarsa da majayinsa, a wanke su da bilic, don irinsa yakan yi watanni a jikin katako da kayan sirdi yana jiran wani. Yana bin mutum, mutum ma yana kai wa doki. Ni man shafawa na 'yan kuɗi kaɗan ta rubuta mini, na yi wajen wata ina shafawa. Ita goɗiyar allura huɗu ta sha a banza, ga ƙurji a wuya da sai da aka tsaga. Ta kuma ce da tsinken ya faɗa jijiyar jini da wannan maganin, da goɗiyar ta haukace ko ta zube nan take, shi ya sa ake ɗan ja sirinjin baya a duba ko jini zai shigo kafin a tura. Ban san wannan ba. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Makero ya warke, ƙurji ya warke, amma goɗiya ta ƙi mantawa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Biro in ta gani a aljihuna sai ta fara huci tana ja da baya. Ga shi akwai allurar rigakafinta da lokaci ya kusa. Na ce a kawo igiya. Likita ta ce igiyar ce ta kawo mu nan.

Abin da ta koya mini, da wani ne ya ba ni labari da na ce wasan yara ne. Kullum da safe in je da 'yar dusa a ƙwarya. In shafa wuyanta kawai, in ta tsaya in ɗauke hannu in ba ta loma. Bayan kwana biyu in ɗan tsunkule fatar, in ta natsu in saki in ba ta. Daga nan in taɓa wurin da murfin biro, sai tsinken sakace, sai sirinji marar tsinke a fili tana gani, ba ɓoyewa a bayan riga. Duk ranar da ta firgita in koma matakin jiya. Kwana 16 muka yi a haka. Ranar allurar ta gaske kanta na cikin ƙwarya, fatar wuyanta ta ɗan yi rawa kamar ƙuda ya sauka, shi ke nan. Ina riƙe da ragamar da yatsa biyu.

A daren nan ne na tuna Abba, tun ma kafin saƙonka ya zo. Yaya, yaron nan ba a haife shi da tsoron allura haka ba. Sau nawa a gabana aka ce masa, in ba ka ci tuwo ba za a kira mai allura? In ya yi ƙiriniya, allura. In ya ƙi barci, allura. Ni kaina na faɗa masa da na zo Babbar Sallah. Mun mai da ita dodo, sannan ranar da dodon ya shigo gida da kansa muka taru muka danne shi muna dariya. Abin mamakin ma, mu manya son allura muke kamar me. In mutum ya je kemis aka ba shi ƙwaya sai ya ga kamar ba a yi masa magani ba. Wannan son ne ya sa na huda goɗiyar mutane.

Ba cewa nake a fasa ba, ka fahimce ni. Mashaƙo ba abin wasa ba ne. Kai ma ka ga yadda ya yi a 2023, Kano ta fi kowa jin jiki, ga Yobe, ga Katsina, ga Borno, kuma mafi yawan yaran da ya kama waɗanda ba a yi wa rigakafi ba ne. Tunda ma'aikatan sun ce za su dawo zagaye na biyu, lallai a yi masa. Yadda za a yi ne nake roƙo a sake.

Akwai wata nas 'yar Zariya da muke haɗuwa da mijinta a masallaci a Agege, na ba ta labarin. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a kan wannan tun 2015, kuma duk abubuwa ne da ba sa cin ko kwabo. Kada a ce wa yaro ba zafi, don in ya ji zafin ya gama yarda da kai. A gaya masa gaskiya a taƙaice, za ka ji tsini kamar cizon cinnaka, kafin ka ƙirga biyar an gama. Kada a kwantar da shi a danne. Ya zauna a cinyar wanda ya yarda da shi, a rungume shi, a sa shi ya ja numfashi ya hura kamar mai hura wuta, ko a ba shi waya ya kalli wani abu. Kuma kada a yi ta ba shi haƙuri ana sannu-sannu tun ba a fara ba, wannan ma gaya masa ake yi cewa wani mugun abu na tafe.

Ga shawarata, in ka yarda. Kai za ka riƙe shi, don ya fi jin maganarka. Ka gaya masa tun da safe, kada ya gan su kwatsam. Ka karɓi sirinji sabo marar tsinke a kemis ka ba shi ya yi wasa da shi, ya yi wa ɗan akuyarsa allurar ruwa a baya, ya yi maka kai ma, ka nuna ka ji ɗan tsini ka dake. In ya yi kuka ranar, ya yi, kuka ba laifi ba ne, kada dai yaran gida su taru a kansa suna tsokana. Na tura hoton goɗiyar a wayarka, ka nuna masa ka ce ta babansa ce, ita ma da gudu take yi.

Ita kuma Ummi, ka tuna wa mamanta allurar rigakafinta ta mako 14 ta kusa, an yi ta mako 6 da ta mako 10, sai ta ƙyanda in ta cika wata 9. Nas ɗin ta ce ta sa ta a nono ana yin allurar, ba sai an gama ba. Yana rage musu zafin sosai, kuma ba ta shaƙewa kamar yadda ake tsoro. Katin a ajiye shi a cikin leda, kada ya bi na Abba da gara ta cinye.

Maganar Inna ce mai nauyi, don ita ta fi kowa kiran mai allura in jikokin sun dame ta. Ni ba zan iya ba, kai ka san ta inda za ka ɓullo mata. Wataƙila ka tambaye ta labarin lambar da ke damtsenta, yadda suka gudu cikin dawa ranar da masu lambar agana suka zo garinsu da abin nan mai kama da bindiga. Tana son ba da labarin nan. In ta kai ƙarshe tana dariya, sai ka sako zancen Abba.

Na tura kuɗin taki ta asusun da aka saba, ka cire na sirinjin da na alewa a ciki. In direban motar shanu zai taso, a ba shi kanwa ungurnu ko rabin buhu ya sauke mini a Agege, ta nan tsada gare ta kuma ba ta da kyau. A duba kan Abba ma, in an ga wani tabo zagaye kada a aske shi da askar da ake aske sauran.

Ka kira ni ranar, bayan an gama, ka ba shi wayar.

Ƙaninka,
baban Abba.