Wasiƙa: Kafin a Canja Ƙugiyar Ƙoton Bas, a Fara Auna Nauyinta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana da masu kamun kifin bas da fatsa, musamman masu amfani da ƙoton bogi mai leɓe, wanda ake kira kirankibet. Shi ne ɗan kifin nan na roba ko na katakon balsa, mai leɓe a gaba da ke sa shi nutsewa yana rausaya idan ana naɗe zare, da ƙugiyoyi biyu masu baki uku-uku, ɗaya a ciki, ɗaya a wutsiya. Asalin bas na Arewacin Amurka ne, an kai shi Japan a 1925 da Afirka ta Kudu a 1928, kuma duk inda ake kama shi kukan ɗaya ne: kifi ya cafka, ya yi tsalle, ya girgiza kai, ƙoto ya fita. Sai a ɗora laifin a kan sanda ko zare ko rashin sa'a. Sau da yawa laifin yana jikin ƙugiya. Maganin da aka saba yi kuwa, wato a cire ta a maƙala wadda ta fi ta girma, yakan ƙara dagula al'amarin, don ƙugiyar nan tana cikin awon ƙoton tun daga masana'anta.

Ba kowace ƙugiya ba ce ke bukatar canji. A ɗora tsininta a karkace a kan farcen babban yatsa, a ja a hankali ba tare da dannawa ba. Idan ya kafe, da kaifinsa. Idan ya zame, ya dakushe. A gwada duka tsini shidan, domin ba tare suke dakushewa ba. Shi wannan ƙoto da gangan ake buga shi a duwatsu da kututtura, don lokacin da ya yi karo ya kauce ne bas ya fi kai masa cafka, saboda haka tsinin ƙasa na ƙugiyar ciki shi ke fara lalacewa. Ƙugiyar da ta taɓa miƙewa aka lanƙwaso ta da filaya ta gama aiki, ƙarfen ya riga ya gaji, a daidai wurin za ta sake buɗewa ko ta karye. Haka wadda tsatsa ta kama a mahaɗa, inda aka liƙa baki na uku. Ana iya wasa tsini da ƙaramin magagari a fita kunyar rana ɗaya, amma yawancin ƙugiyoyin zamani da sinadari aka wasa su, kuma magagari yana kankare rufin da ke hana su tsatsa.

Maganar nauyi ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Tun 1936 da Lauri Rapala ya sassaƙa ƙotonsa na farko a Finlan, sirrin wannan kaya shi ne daidaito tsakanin jiki mai son tasowa da ƙarfen da ke jan sa ƙasa. Ƙugiyoyin da zobbansu suna rataye a ƙasan jiki, su ke riƙe ƙoton a miƙe yana rausaya dama da hagu. Idan suka yi nauyi, rausayar ta ragu, ƙoton ya zama kamar mai jin barci a ruwa. Idan suka yi sauƙi da yawa, da an ƙara saurin naɗi sai ya kwanta a gefe ko ya riƙa juyawa. Mai leɓe murabba'i, wanda ake jefawa cikin itatuwan da ruwa ya shanye, duk amfaninsa shi ne in ya yi karo aka tsaida naɗi ya taso da baya-baya ya kuɓuce wa reshen. A ƙara masa rabin giram a ciki, tasowar ta yi jinkiri, ƙugiya ta samu lokacin kama itace. Na balsa sun fi kowanne saurin nuna wannan, don jikinsu ba shi da nauyi, ƙaramin ƙari babba ne a gare su.

Don haka a cire tsohuwar ƙugiya a ɗora ta a ƙaramin sikeli mai nuna ɗigon giram, a rubuta nauyinta, sannan a nemi sabuwa kusa da wannan awo. Kada a dogara da lambar da ke jikin fakiti kawai. Gaskiya ne lamba na ƙaruwa ƙugiya na ƙanƙancewa, lamba 6 ta fi lamba 4 ƙanƙanta, lamba 2 ta fi su girma, daga lamba 1 kuma sai 1/0. Amma kamfanoni ba su da ma'auni ɗaya. Lamba 4 ta Mustad da ta Gamakatsu da ta Owner da ta VMC, in aka jera su, za a ga bambanci a faɗi da tsawo da kaurin waya. A bisa al'ada ƙoto mai tsawon santimita 5 zuwa 6 yana ɗaukar lamba 6 ko 4, mai santimita 7 zuwa 8 lamba 4 ko 2, manyan nan masu nutsewa mita 5 zuwa 6 kuma lamba 2 ko 1. Wannan mafari ne kawai, bokiti ne alƙali. A cika shi da ruwa, a danna ƙoton da tsofaffin ƙugiyoyinsa har ƙasa, a saki, a ƙirga daƙiƙun da ya ɗauka kafin ya taso, a lura da yadda kansa ke karkata. Bayan canji a maimaita. Wanda aka ƙera don ya tsaya cik a tsakiyar ruwa yana bukatar ƙarin kula, domin ruwan sanyi ya fi ruwan ɗumi ɗaga abu: wanda ya tsaya daidai a ruwan sanyi zai iya nutsewa sannu a hankali a ruwan ɗumi. A yi gwajin da ruwa mai zafin da ya yi kusa da na tafkin.

Ƙara girma ba laifi ba ne idan an bi hanyarsa. Dalilin da ke sa a so shi a bayyane yake: ƙoto mai ƙiba yana ɓoye ƙaramar ƙugiya a ƙarƙashin cikinsa, kifi ya cafka ta gefe bai taɓa tsini ba. Abin da ake nema shi ne bakunan ƙugiyar ciki su ɗan leƙo waje da faɗin jikin. Hanyar samun haka ita ce ƙugiya mai gajeren wuya, wato miƙaƙƙen ƙarfen da ke tsakanin idonta da lanƙwasar bakunanta, wadda ke ba da faɗin lamba 2 a tsawon da bai wuce na lamba 4 ba sosai. Gajeren wuya yana da wata fa'idar kuma, yana matso da jikin ƙoton kusa da bakin kifi, sai nauyin ƙoton ya rasa tazarar da zai yi lilo ya ɓanɓare ƙugiyar lokacin tsalle. Bayan an saka, a kama ta ciki a ja ta baya, a kama ta wutsiya a jawo ta gaba. Idan bakunansu suna iya sarƙewa a hannu, za su sarƙe a iska lokacin jifa, kuma wannan jifan ya tashi a banza. A tura ta ciki gaba a ga ko tana maƙalewa a leɓe, a ɗaga ta wutsiya a ga ko tana hawa gadon baya ta kafe. In ɗaya daga cikin ukun nan ya faru, a rage lamba ɗaya. A ganina gara a ƙara girman ta ciki kaɗai a bar ta wutsiya yadda take, don nauyi a wutsiya ya fi saurin kashe rausaya.

Siffar lanƙwasa iri biyu ce. Mai zagayayyen baki, wadda tsininta ke tafiya daidai da wuya, ta fi kama kifin da ke kai mari kawai ba ya haɗiya, kamar yadda bas ke yi a ruwan sanyi. Wadda tsininta ya ɗan karkato ciki ba ta kama na gefe da sauƙi, amma in ta shiga da wuya ta fita, kuma ba ta cika ɗaukar itace ba. Wanda kifi ke taɓa masa ƙoto ba ya kamuwa, ya koma ta farko. Wanda kifi ke kamuwa ya kuɓuce a hanya, ya koma ta biyu. Kaurin waya kuma, wanda ake rubutawa 1X, 2X da sauransu, lamba na ƙaruwa waya na ƙara kauri, sai ya dace da sanda da zare. Mai sanda mai laushi da zare mai ɗaukar nauyin laba 10 ko 12 siririyar waya ce tasa, don ita ke shiga da ɗan ja kaɗan. Mai kauri ba za ta nutse har bayan kunne ba, wato ƴar ƙayar nan ta bayan tsini da ke hana ƙugiya fita, kuma rabin shiga shi ke kawo kuɓucewa. Mai saƙaƙƙen zare mara talewa da sanda mai tauri kuwa zai miƙar da siririya, sai ya hau 2X ko ya sassauta birkin injin naɗi. Gashin tsuntsu a ƙugiyar wutsiya a bar wa ƙoton saman ruwa, a jikin kirankibet jan ruwa yake yi yana rage motsi.

Aikin kansa ba ya ɗaukar lokaci, amma zobe ne ke shan wahala. Zoben waya ce mai ninki biyu, irin na makulli sai dai ƙarami ƙwarai, yawanci lamba 2 ko 3 a wannan ƙoto. Akwai filayarsa ta musamman mai ɗan haƙori a baki, a nemi mai ƙaramin haƙori, don babba yana wage zoben fiye da kima. Farce da wuƙa ba kayan aikin nan ba ne. A sa haƙorin kusa da ƙarshen wayar, a buɗe daidai yadda idon ƙugiya zai shiga, a fara zura idon tsohuwar a tsagar. Kafin a juya, a sa idon sabuwar a bayanta nan take, a juya zoben da filaya, tsohuwa na fita sabuwa na shiga, da buɗewa ɗaya. Sannan a ɗaga zoben a duba shi a haske. Idan ninkin biyu ba su koma sun manne ba, zoben ya saki, a jefar da shi. Ta wannan ƴar tsagar ƙugiya ke sulalewa, zare ma yana shiga ya yanke. Sabon zobe ya zama ƙarfinsa ya fi na zare, girmansa kuma daidai da tsohon, saboda zobe mafi girma yana ƙara tsawon rataya, sarƙewar da aka guje wa ta dawo.

Fuskar da ƙugiya ke kallo ma da muhimmanci, kuma kafin a zura ake duba ta. A jingina ta ciki a jikin ƙoton yadda za ta kwanta idan ruwa ya tura ta baya. Bakuna biyu su rungumi cikin, ɗaya dama ɗaya hagu, na ukun ya kalli ƙasa. Idan aka juya ta, baki ɗaya zai riƙa dukan tsakiyar ciki yana cin fenti, a balsa har ya huda rufi ruwa ya shiga katako, ƙugiyar kuma ta kwanta a karkace ta ja ƙoton gefe. A ta wutsiya masana sun rabu, amma na fi son baki ɗaya ya kalli sama, don a leɓen sama na kifi kamu ya fi ƙarfi. Mai kamun wuri mai yawan ciyawa yana iya juya ta, biyu sama ɗaya ƙasa, ya rage kwasar datti.

Daga bokiti sai tafki. A jefa kusa, mita 5 zuwa 10, a naɗe da sauri ana kallo. Idan ƙoton yana zuwa a miƙe, an gama. Idan yana kaucewa hagu, a kama ƙarfen hanci inda ake ɗaura zare da filaya mai siririn baki, a ɗan karkata shi dama. In dama yake kaucewa, a karkata hagu. Kaɗan ƙwarai, wanda ido da ƙyar zai gani, sannan a sake jefawa. Lanƙwasa shi gaba da baya sau da yawa yana sassauta shi a cikin jiki, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Ina kira ga masu sakin kifi bayan kamu su matse kunnen ƙugiya da filaya. Baki shida masu kunne suna yaga baki, wani lokaci na wutsiya ya kama ido ko matsefin numfashi yayin da kifin ke fafutika, kuma tsawon lokacin cirewa a waje da ruwa yana kashe kifin da aka yi niyyar saki. Wasu ruwaye ma dokarsu ta hana kunne ko ƙugiya mai baki uku, sai a karanta dokar wurin kafin a je. Inda aka hana mai baki uku, akwai ƙugiya mai baki ɗaya da aka juya idonta don ta kwanta daidai da jikin ƙoto. A zaɓi wadda buɗin bakinta ya kusa faɗin tsohuwar gaba ɗaya, ta ciki tsininta ya kalli gaba, ta wutsiya ya kalli sama, a kuma sake gwajin bokiti, tunda yawanci ba ta kai tsohuwar nauyi ba.

Lokacin canji a rufe ƙugiyar da ba a aiki a kanta da ɗan soso ko a fara cire ta, a sa tabarau, don zobe yana tsalle. A ajiye filaya mai yanke waya kusa. In ƙugiya ta shiga hannu, a fara raba ta da jikin ƙoton. In kusa da ido ce ko gaɓa ko ta yi zurfi, asibiti za a nufa, kada a ja. Tsofaffin a zuba su a gwangwani mai murfi kafin a zubar. Bayan kamu kuma a bar akwatin ƙoto a buɗe ya bushe kafin a rufe, domin ƙugiya ɗaya mai tsatsa a jiƙaƙƙen akwati tana shafa wa sababbin da ke kusa da ita.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku